Yadda za ku fitar da hayaƙin sigari daga ɗakunan yara a unguwarku ba tare da an yi rigima ba

Ɗiyar yayana ce silar wannan rubutun. Tana da wata takwas lokacin, hunturu ya shigo da ƙarfinsa, tari ya kama ta irin wanda in ta fara sai kaga haƙarƙarinta na shigewa ciki, ni na ɗauke su a mashin ita da mamanta muka tafi asibiti da asuba. Nas ɗin da ta karɓe mu bata ce komai ba tukuna, zanin goyon ta ɗauka ta kai hanci, sannan ta kalli matar yayana tace baiwar Allah waye yake shan taba a gidanku? Ita kuma tayi ƙasa da kai tace babanta ne amma ai a bakin taga yake sha. Wallahi har yau ina tuna yadda nas ɗin ta girgiza kai. Yayana mutum ne mai son 'ya'yansa kamar ransa, ko ƙuda baya so ya sauka a kansu, kawai dai shi a tunaninsa tunda ya buɗe taga ya juya musu baya to ya gama kare su.

Kuma haka mafi yawan mashaya suka ɗauka, shi yasa abu na farko da zakuyi kafin ku je wajen kowa shine ku kanku ku fahimci abun da kyau. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, kuma wanda yake tashi daga bakin karan da ke ci da wuta, wanda ko ta cikin audugar bai bi ba, shine yake cika ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tace duk shekara sama da mutum miliyan 1 ne suke mutuwa ta dalilin hayaƙin da ba su suka kunna ba. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya faɗa ɓaro ɓaro cewa babu wani ɗan ƙanƙanin hayaƙi da za'a ce wannan kam ba komai, kuma buɗe taga ko kunna fanka ko raba ɗaki baya kawar da shi. Matar da take zaune da mashayi alhali ita bata sha, haɗarin ciwon zuciya yana ƙaruwa mata da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na kansar huhu kashi 20 zuwa 30. Yara kuwa abun yafi muni dan suna numfashi da sauri fiye da manya kuma huhunsu bai gama ƙwari ba, sai kaga ciwon kunne mai fitar da ruwa yana ta dawowa, asma tana tashi, limoniya, har da mutuwar fuju'a ta jarirai a cikin barci. Mai ciki kuma tana iya haihuwar ɗa mara nauyi. Sannan hayaƙin nan ko ka daina ganinsa da ido yana nan a iska har wajen awa 5, kenan wanda ya sha ɗaya bayan isha'i a falo ya kashe, yaran da aka shimfiɗa musu tabarma a nan shi zasu ta shaƙa har tsakar dare.

Toh yanzu ga inda mutane da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Kar ku fara da cewa mutum ya daina shan sigari. Ni ma ina so kowa ya daina, amma nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa dainawa, ba abun wasa bane, wanda ya shekara ashirin yana zuƙa ba zai ajiye ba dan kun zo kun yi masa nasiha ta minti goma, in kuka buɗe da wannan zai ji kun zo ci masa mutunci ne ya rufe ƙofa shikenan. Buƙatarku guda ɗaya ce kuma ƙarama, in zai sha ya fita waje, waje na gaske. Wannan kusan kowane uba zai iya ɗauka dan ba'a taɓa masa girma ba, kuma ba'a ce masa shi mutumin banza bane.

Abu na biyu, kar a ɗora wa matan gida wannan nauyin su kaɗai. Mun san gidajenmu. Mace ta kalli maigida tace ka fita da sigarinka, a wani gidan wannan kaɗai ya isa a kwana ba'a magana, a wani ma har yaji, balle in mai shan surukinta ne ko yayan miji, ina zata fara? A birnin Yogyakarta na ƙasar Indunusiya, inda kusan biyu cikin uku na mazan ƙasar suna shan sigari, masu bincike sun tarar da irin wannan, matan basa son hayaƙin amma suna ganin basu da bakin hana mazajensu, su kuma mazan da aka tambaye su da yawa suka ce in dai unguwa gaba ɗaya ce ta yanke to zasu bi. Daga nan aka koma yin abun unguwa unguwa, a taru a yi shela a rattaba hannu, ba'a shan sigari a cikin gida, ba'a sha a wajen taron unguwa, ba'a ajiye wa baƙo abun zuba toka, ba'a sha a gaban yara da masu ciki, sannan a manna sitika a ƙofar gida. Abun da ya burge ni a nan shine matar ta samu mafaka, ba ita ce tace ba, unguwa ce tace.

Dan haka ku fara da maza, kuma cikin mazan ku fara da mashayan. Eh, su. Ku nemi mutum biyu ko uku waɗanda ake jin maganarsu a majalisa ko a teburin mai shayi, wanda yake sha kuma kowa ya san yana sha, ku same shi shi kaɗai ba'a cikin mutane ba. Ni da yayana a bayan gida na same shi bayan an sallamo yarinyar, nace Yaya dan Allah wata alfarma nake nema ba dan ni ba, na gaya masa abun da nas tayi da zanin goyo, ban ƙara komai a kai ba. Yayi shiru ya daɗe, sannan yace har a zanin? Nace har a zanin. Wannan kalmar ita ta shige shi fiye da duk wani lissafin Hukumar Lafiya. Daga baya shi da kansa ne ya dinga yi wa abokansa maganar, kuma sunfi sauraronsa akan ni nesa ba kusa ba dan ba zasu ce masa kai me ka sani ba.

In kun samu waɗannan sai ku je wajen mai unguwa tare dasu, ku gaishe shi yadda ya kamata, ranka ya daɗe ga abun da ke tafe damu, ku nuna masa ba kuɗi kuke nema ba ba kuma ƙarar kowa kuka kawo ba. Sai liman. Shi ma ku same shi a gida ko bayan sallar la'asar, ku roƙe shi Allah gafarta Malam in za'a taɓo maganar a taɓo ta ta fuskar haƙƙin iyali da maƙwabci, hadisin la darara wa la dirara kowa ya san shi tun daga Islamiyya, kar ka cutu kar ka cutar. A bar muhawarar haram ne ko makaruhi ne zuwa wani zama, dan da an shiga nan sai majalisa ta rabu biyu a manta da yaran. In unguwarku akwai coci to fasto ma a je masa da magana iri ɗaya, hayaƙi baya tambayar addinin yaro.

Amma fa kar ku ce tunda liman yayi huɗuba an gama. An gwada wannan a Dhaka babban birnin Bangladesh, masallatai 45 da gidaje 1,801, aka horar da limamai suka dinga isar da saƙon, wasu gidajen har an auna iskar ɗakinsu da na'ura an nuna musu sakamako, da aka dawo bayan shekara aka sake aunawa sai ba'a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakaninsu da gidajen da ba'a yi wa komai ba. An wallafa sakamakon a 2021. Ni abun da na ɗauka daga wannan, kuma ra'ayina ne, mutum yana iya yarda da magana ɗari bisa ɗari a masallaci amma in ƙarfe goma sha ɗaya na dare tayi sanyi na busawa sha'awar ta taso kuma bashi da inda zai je, to a gefen gado zai kunna. Kenan aikin gaske yana wajen tanadar masa inda zai sha da kuma bibiya, ba wajen jawabi ba.

Nan zan ɗan daɗe dan nan ne ake faɗuwa. Ina ne waje? Bakin taga ba waje bane. Banɗakin cikin ɗaki ba waje bane. Kicin ba waje bane. Zaure ma a gaskiya ba waje bane in dai rufaffe ne kuma nan yara suke karatun allo ko suke wasa da rana, dan hayaƙin yana kama tabarma da bango da labule, gobe yaro mai rarrafe ya shafa ya kai hannu baki. Tsakar gida a gidan haya kuwa, irin gidan da ɗakuna takwas suke kallon juna kowa da asabarinsa, in ka tsaya a nan ka kunna to ka raba wa ɗaki takwas ne, harda na maijegon da ke ƙarshe. Waje shine ƙofar gida ta titi ko bayan gida inda sama take buɗe, nesa da tagar kowa, kuma ka ja ƙofa ka rufe a bayanka. Ku zagaya da mutumin ku zaɓi wajen tare, ku duba ta ina iska take kaɗawa. A layinmu benci ɗaya muka haɗa kuɗi kafinta ya buga mana aka ajiye a gindin dalbejiya, aka sa tsohon gwangwanin madara da yashi a ciki dan guntaye, dan yara ƙanana suna tsintar guntun sigari su sa a baki kuma yana iya sa musu guba. Wani yace ai kun yi wa 'yan sigari gata kenan, nace eh na yarda, gara benci akan gadon asibiti.

Sai dabarar dare da damina da hunturu. A rataye wata tsohuwar riga mai kauri ko jaket a ƙusa kusa da ƙofar fita, ita ce rigar fita shan, in ya dawo ya cire ta ya bar ta can, ya wanke hannu da baki da sabulu kafin ya ɗauki jariri. Kwalin sigarin da ashana ko laita kar su kwana a ƙarƙashin filo ko kan durowar gado, a ajiye su can wajen rigar, dan in abun yana kusa da hannu kafin mutum yayi tunani ya riga ya kunna. Lema ɗaya a bakin ƙofa tana maganin uzurin ruwan sama. Wanda kuma shi kaɗai ne da yara a gida ba mai kula masa dasu, kar ya bar jariri shi kaɗai ya fita, ya daure ya jinkirta, ya sha ruwa ya tauna cingam ko aswaki, sha'awar tana zuwa ne kamar guguwa ta 'yan mintuna ta lafa. Ɗakin da aka daɗe ana sha a ciki kuma ranar da aka fara sabon tsari a fitar da katifa rana, a wanke labule da zannuwan gado da gidan sauro, a goge bango. Turaren wuta baya kashe hayaƙin sigari, rufe warin kawai yake, ya ma ƙara wani hayaƙin akan na da.

Baƙi su ne jarabawa ta gaba. Kawu yazo daga ƙauye ko abokin maigida yazo kallon ƙwallo, ya zaro kara a falo, waye zai ce masa a'a? Nan sitika take aiki, ko ma takarda ce kawai aka rubuta da maka, da boko da ajami in da hali, gidan nan ba'a shan taba a ciki saboda yara. Maigida ne zai yi maganar ba matarsa ba, kuma cikin fara'a, Kawu mu ɗan fita waje mu sha iska, nima nan nake fita. In mai gidan da kansa yana fita babu baƙon da zai ji an wulaƙanta shi. Haka mota, in da yaro a ciki ba'a kunnawa ko an sauke gilashi.

Shisha kuma dan Allah kar a bar ta a baya dan tana ƙamshin tuffa ko na'a na'a. Samari da 'yan mata da yawa sun ɗauka ruwan da ke cikin tukunyar yana tace dattin, baya tacewa, taba ce a ciki, ga gawayin da ake ɗorawa a sama yana fitar da iskar kabon monoksaid, iska mai guba wadda bata da wari bata da launi, kuma zaman shisha sai a kwashe awa ɗaya ana yi a ɗakin samari ƙofa a rufe ƙannensu na shiga suna fita. In za'a rubuta yarjejeniya a ambace ta da sunanta, da wiwi ma, kar wani yace ai sigari kuka ce.

Akwai kuma aiken yara. Ungo naira ɗari je ka siyo min kara biyu wajen mai tebur, wannan mun taso muna gani har ya zama kamar ba komai. A Najeriya dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara kara sai dai kwali, ta hana sha a wurare irin asibiti da makaranta. Nijar ma tana da tata dokar tun 2006. Kowa ya san bin dokar sai a hankali, kuma ba ɗan sandan da zai shigo ɗakin kwananka ya duba, shi yasa unguwa ce kawai zata iya wannan. Ku je wajen masu kanti da masu tebur na layin ku roƙe su in yaro yazo siyan sigari su ce masa je ka ce babanka yazo da kansa. In duka suka yarda lokaci ɗaya ba wanda zai ji tsoron ciniki zai koma wajen maƙwabcinsa.

Mata nasu aikin daban ne kuma babba ne. Wajen adashi, Islamiyyar matan aure, ranar awon ciki da ranar rigakafi, gidan suna, nan ake isar da bayanin, ungozoma da ma'aikatan lafiya na asibitin sha ka tafi su ne suka fi dacewa su yi dan ana yarda dasu. Abun da za'a koya wa mata ba yadda zasu yi faɗa bane, yadda zasu zaɓi lokaci ne, ba lokacin da karan ke hannunsa ba, ba gaban yara ba, ba gaban kishiya ba. Lokacin da yafi kyau shine in an samu ciki ko an yi haihuwa, zuciyar uba tana laushi a lokacin. In kuma mace ta san mijinta mai zafin hannu ne kar ta sa kanta a haɗari, ta faɗa wa wata babba a cikin matan a tura masa namiji ɗan uwansa. Yara kuma a koya musu illar a makaranta amma kar a mayar dasu 'yan leƙen asirin iyayensu, yaro yazo majalisa yana cewa babana ya sha a ɗaki jiya, wannan zai rusa komai kuma shi yaron ne zai sha duka.

Na san wani zai ce to hayaƙin itace fa, da gawayi, da maganin sauro na kunnawa, da janareta a bakin taga? Gaskiyarsa, suma suna cin huhun yara, kuma kaskon wuta ko janareta a rufaffen ɗaki yana kashe mutane a dare ɗaya, ku faɗa wa mutane wannan duk inda kuka samu dama. Sai dai girki dole ne kuma ba kowa ke da kuɗin gas ba, sigari kuwa taku ashirin ne kawai zuwa ƙofar gida, kyauta.

Duk gidan da kuka shiga ku bar musu alamomin da in an gani ba jira. A ƙirga numfashin yaro na minti ɗaya yana kwance baya kuka, ɗan ƙasa da wata 2 in ya kai 60, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko kaga ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, to asibiti kai tsaye ba kemis ba. UNICEF ta ƙiyasta yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 162,000 limoniya ta kashe a Najeriya a 2018, babu ƙasar da ta kai mu a duniya a shekarar.

Bibiya kuma duk bayan sati biyu a farko, daga baya wata wata. Mutum biyu sun isa, ɗaya mashayi ɗaya ba mashayi ba, a tsaya a ƙofar gida a gaisa a tambaya ya ake ciki, me yake ba da wahala. Ba tara, ba kiran suna a lasifika, ba sa hoton kowa a WhatsApp. Wanda ya koma sha a ɗaki a tambaye shi wane lokaci ne yafi kasawa, yawanci na dare ne ko na farko da safe, sai a nemi dabarar wannan karan guda ɗaya. In wani da kansa yace shi fa ya gaji yana son dainawa gaba ɗaya to a raka shi wajen likita, akwai taimako da magani, kar a barshi da kai dai ka daure. Ranar 31 ga Mayu ita ce ranar yaƙi da shan taba ta duniya, kuna iya ɗaukar ta ranar sabunta yarjejeniya, amma ni nafi son a yi taron gab da shigowar sanyi wajen watan Nuwamba, dan lokacin ne ake toshe tagogi da tsumma kowa ya shige ɗaki. Azumi ma dama ce, mutum ya wuni bai sha ba, abun lura kawai shine na bayan shan ruwa, kar a kunna shi a kan tabarmar buɗa baki yara na zagaye.

Yayana har yau bai daina sha ba, ya dai rage. Jaket ɗinsa mai ruwan ƙasa tana nan rataye a ƙusar zaure, in dare yayi zaka ji ƙarar sakata ya fita. Yarinyar ta shiga nazire bana, jiya ma na ganta tana tsalle a tsakar gida da igiya, ta ƙirga har talatin bata tsaya ba.